Kurar Kaka Mai Shuɗiyar Riga

Littafin ba namu ba ne tun farko. Wata maƙwabciyarmu a Badaguishiri, matar wani malamin asibiti, ita ta bar mana shi da aka yi wa mijinta canjin wurin aiki zuwa Illela, wajen ƙarshen shekarun tamanin. Tana cikin ɗaure kaya ta miƙo wa Inna shi ta kan katanga, ta ce yaranta sun girme shi.

Bangonsa mai kauri ne, kusurwoyin duk sun cinye, yana warin tsohuwar adaka. Rubutun Faransanci ne, layi biyu ko uku a ƙasan kowane shafi, sauran duk zane. Akwai wata dabba ƙatuwa mai launin ƙasa, sanye da shuɗiyar riga, tana tura baro cike da wasu jajayen 'ya'yan itace. Idan ka kanga ido kusa sai ka ga launin ɗigo-ɗigo ne ƙanana, jan ma ya ɗan tsallake layinsa ya shiga cikin ciyawa. A shafukan ƙarshe komai ya yi fari fat, ƙasa da itatuwa da rufin ɗaki. Na sayo wa 'ya'yana littattafai masu sheƙi da yawa, amma ban sake ganin shuɗi irin na rigar nan ba.

Ba mai karanta Faransanci a gidanmu a lokacin, don haka Kaka, mahaifiyar Baba, ta ɗauki aikin. Ta duba zanen ta ce kura ce da ta tuba ta daina cin awakin mutane, ta kama lambu, ga ta nan za ta kai tumatir kasuwa. Farin nan kuwa auduga ce, Allah ya ba ta don ta gyara halinta. Kullum bayan la'asar haka take ba mu labarin a ƙarƙashin rumfa, ba ta canza ko kalma.

Wadda ta fi kowa manne wa littafin ita ce ƙanwata, autarmu. Ta wuce shekara uku ba ta taɓa cewa ko "Inna" ba. Tana ji sarai, don in an kira ta tana waigowa, amma sai nuni da hannu. Baba ya bar ban ruwan albasarsa ya kai ta asibiti a Konni, likita ya duba ya ce kunne lafiya, harshe lafiya, a yi haƙuri. An sha rubutu, an yi sadaka. Mata in sun shigo gidanmu sai su dube ta su yi ƙasa da murya. Wata rana na ji wata ta ce "bebiyar nan," na ga Inna ta ci gaba da daka kamar ba ta ji ba, hawaye na sauka cikin turmi.

Ni kuwa ina lakwal, wato makarantar boko, har na kai ajin da na fara haɗa kalmomi da kaina. Na kai littafin wurin mushe, malaminmu, ya taimaka mini da kalmomin da suka gagare ni. Ashe ba kura ba ce, wata dabba ce ta ƙasar Turawa da ke tara abinci kafin sanyi. Jajayen nan ba tumatir ba ne, kuma farin nan ƙanƙara ce. Na dawo gida kaina ya kumbura.

Da la'asar Kaka ta tafi gaisuwar rasuwa, sai na zauna a tabarmarta na buɗe littafin, ƙanwata ta matso ta jingina da cinyata yadda ta saba yi wa Kaka. Inna na gefe tana tankaɗe. Na fara ba da labarin na gaskiya, ina bin rubutun da yatsa.

"Wannan ba kura ba ce," na ce. "Kuma wannan ba tumatir ba ne."

Ƙanwata ta ɗago ta harare ni. Na buɗe shafi na gaba na ce farin nan ma ba auduga ba ce. Sai ta ɗora tafinta a kan zanen, ta ture mini yatsa.

"A'a. Kura ce."

Muryar ƙarama ce, a dishe, kamar ta wanda ya tashi daga barci. Rariya ta suɓuce daga hannun Inna, gari ya watse a ƙasa.

"Ke, mi ta ce?" in ji Inna, tana dubana.

Inna ta rarrafo ta durƙusa gaban ƙanwata, hannuwanta fari da gari, ta nuna jajayen nan na cikin baro.

"Auta, wanga fa mine ne?"

"Tumatir," in ji ta, tana mamakin yadda babba bai san wannan ba.

Inna ta rungume ta tana kuka tana dariya, tana ta hamdala, har maƙwabta suka leƙo suna tambayar ko lafiya. Da Kaka ta dawo aka faɗa mata, ta zauna a bakin ƙofa, sannan ta dube ni ta ce, "To, malama, ke ma kin ji. Kura ce."

Baba ne bai samu rabonsa ba ran nan. Ya dawo daga lambu, ya tsuguna ya yi ta lallashi, ya nuna wannan ya nuna wancan, yarinya ta rufe baki gam ta ɓoye fuska a zanen Inna. Bai ce mun yi ƙarya ba, amma na ga alama yana tsoron yarda. Sai bayan 'yan kwanaki, yana zaune yana gyara igiyar guga, ta zo ta tsaya a kansa ta ce, "Baba, ruwa." Ya tashi da kansa, mutumin da ban taɓa ganin ya taɓa randa ba, ya ɗebo a moɗa ya riƙe mata har ta sha ta ƙoshi. Washegari ya sa aka ɗauko buhun albasa daga lambu, aka raba gida-gida a unguwarmu.