Mabuɗin Ekambaram

Na fara ganin Ekambaram ranar uku ga Maris, 2004, da aka ɗauke shi ya shigar da bayanan marasa lafiya cikin kwamfuta a ƙaramin asibitin ido da nake aikin rajista, a garin Erode. Ya shigo ɗaure da taye a wuya a cikin wannan zafi, ya zauna a kujerata.

Kalmomi huɗu ya iya, kuma da su yake cin abinci: abu, sifa, alaƙa, mabuɗi. Marar lafiya abu ne, shekarunsa sifa, zuwansa wurin likita alaƙa. Mabuɗi kuwa shi ne abin da zai bambanta mutum da kowa. Ko mai kawo mana kofi bai tsira ba.

"Kai abu ne," in ji shi, "ƙazantar kofinka sifa."

"To yallaɓai, abu zai sha ko in mayar?" in ji mai kofi.

Da ya zo zaɓen mabuɗi sai ya haɗa suna da ranar haihuwa. Alhali shi kansa ɗaya ga Yuni ke rubuce a takardarsa, ranar da hedimastocin ƙauye ke rubuta wa duk yaron da uwarsa ta ce an haife shi da damina.

A watan Agusta wani tsohon manomi, K. Palanisami, ya zo jikarsa na jan hannunsa. Yanar ido ta kusa rufe shi, kuma a makon nan kaɗai ake aikin ido kyauta. Kwamfuta ta ce an riga an yi masa. Wani K. Palanisami ne aka yi wa, shi ma ɗaya ga Yuni aka rubuta masa, shekarar haihuwarsu kuma ɗaya.

"Baba, an gama naka," in ji Ekambaram.

"Ɗana, da an gama ai da na ga fuskarka."

"Ka gode wa Allah, Baba, rashin ganin fuskar nan ba asara ba ce," in ji mai kofi.

Ekambaram bai yi dariya ba. Ya ce abu biyu ba sa raba mabuɗi ɗaya, don haka mutum ɗaya ne. Ya zana wa makaho akwatuna da kibiyoyi a takarda. Likita yana ɗakin tiyata, kafin ya fito tsohon ya kama motar ƙauyensu. Makon ya wuce ba a yi masa ba, bai kuma sake zuwa ba.

Bayan haka aka koma bai wa kowane marar lafiya lambarsa. Ekambaram ya ce dama shawararsa ce. Ya bar mu a 2006. Yanzu yana koyar da tsara bayanai a wata kwaleji a Coimbatore.