Mujiyar Mawahib

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 28 ga Mayu, 2025, Allah Ya karɓi ran 'yata Mawahib a gidanmu na unguwar Dar Salam, kusa da Khartoum, bayan kwana biyu tana amai da gudawa. Shekarunta ashirin da huɗu.

Mawahib, da kina nan da kin gyara mini rubutun nan. Ni da aka kora a aji huɗu, yau ni ne marubuci.

Ke kika kai jami'a a Khartoum, kika dawo da tatsuniyoyin Girkawa, masu sunayen da harshena ya ƙi ɗauka. Ranar da kika rataya 'yar mujiyar tagulla a wuya na ce, duk tsuntsayen duniya sai mai kukan mutuwa? Kika ce, "Yaba, a wurinsu alamar hikima ce." Na ce shi ya sa ta tsallake ubanki.

Da yaƙi ya rufe Kasuwar Libiya ta nan garinmu na rasa teburin takalmana, ke kika riƙa ɗebo wa tsofaffin layinmu ruwa. In harbi ya yi tsanani kina tara yara a bayan katanga, ki ba su labarin uwar da aka sace wa 'ya aka kai ƙarƙashin ƙasa, ta hana tsiro fitowa har aka dawo mata da ita.

Kin taɓa gaya mini har yau akwai masu bauta wa allolin nan a Turai, kuna hira da su ta waya. Na ce, ke fa? Kika buɗe baki za ki amsa, tsoro ya kama ni, na jefa barkwanci. Ban sake tambaya ba.

Indo mai wankan gawa ce ta ciro mujiyar ta miƙo mini a gaban mutane. Kina kan angarib, gadon igiyar ɗaukar gawa, a ƙofar gida, an fara sahu, maƙwabcinmu Ladan ya ce wa liman, "Ya Shaikh, gunki ne. A kan mai gunki za mu yi salla?"

Liman Al'amin ya sauke hannuwansa ya dube ni. "Jibrin, tsakaninka da Allah, a kan me ta cika?"

Na lalubi abin dariya, babu. Na ce, "Shaikhna, zuciyarta ban shiga ba, da ta buɗe mini ƙofa gudu na yi. Abin da na sani, ita ke tashina asuba, har da yayyafa mini ruwa. Kuma ruwan da Ladan ya yi alwala da shi watanni, a kanta ya zo."

Liman ya ce, "Zuciya ta Mai ita ce. A daidaita sahu." Ladan ya ɗauki takalmansa ya tafi, mutum uku suka bi shi. Sauran muka yi miki kabbara huɗu, mujiyarki na cikin aljihuna.

Waccan uwar ta hana tsiro aka dawo mata da 'yarta. Ni ko tukunyar shayi ba ta jin umarnina.

Ya Allah, Ka san amsar da na hana ta faɗa. Ka ji ƙanta, Ka haskaka kabarinta, Ka ba mahaifiyarta Hannatu da ƙannenta haƙuri. In akwai tuhuma, Ka fara da uban da aka zo wa da magana ya yi wasa. Amin.