Ruwan Farko na Mai Riƙe Igiya

Har Lado ya koma ga Allah bai taɓa riƙe sitiyari ba. Amma ko a tsufansa, in yana zaune a ƙofar gida Landiroba ta wuce, ko ta wane ce, sai ya dafa bango ya miƙe tsaye ya ɗaga mata hannu. Baƙi suna ɗauka direban yake gaisarwa. Mutanen ƙasar Gwiwa sun san ba direban ba ne.

A zamanin Turawa, daga duwatsun Roni har yashin Ɓaɓura, in ka sha ruwa mai daɗi a rijiyar ƙauye ka tambayi wanda ya haƙa, yawanci za a ce maka 'ya'yan Tasalla ne. Su biyu ne. Falalu, ƙaramin, shi ke shiga rami, ɗan siriri ne mai surutun tsiya, yana haƙa yana waƙa. Lado, babban, aikinsa riƙe igiya a bakin rijiya. Ƙato ne, maganarsa tsada gare ta, tafin hannunsa kuwa ya yi kanta har in ya gaisa da kai sai ka duba naka hannun.

Akwai masu raina riƙe igiya, suna cewa aikin tsayuwa ne. Waɗannan ba su taɓa sauka gaba ashirin cikin ƙasa sun ɗaga kai sun ga sama ta koma kamar bakin tulu ba. A can ƙasa murya ba ta da amfani sosai, da igiya ake magana. In Falalu ya ja, a ɗauki guga. In ya girgiza, a tsaya. Lado ya wuce nan ma, don ta igiyar yake gane ƙanensa ya gaji tun kafin shi Falalun ya yarda ya gaji.

Ubansu Daudu, wanda suka gaji sana'ar a wurinsa, ya bar musu ƙa'ida biyu. Ta farko, igiyar mai haƙa ba ta shiga hannun bare, sai wanda suka sha nono ɗaya. Ta biyu, ranar da aka cim ma ruwa, gugan farko na mai riƙe igiya ne, shi zai fara sha kafin mai gari, kafin liman, kafin kowa. Lado ya riƙe waɗannan biyu kamar tare aka haife su.

Bayan babban yaƙin duniya da 'yan shekaru sai ga masu haƙa rijiyoyin gwamnati sun ɓullo, da sumuntinsu, da Baturensu, da wata gajeriyar mota koriya mai rufin tamfal. Kafin ita, mota a ƙasar nan abar hanya ce. Ta taso daga Kano ta bi ta Kazaure ta yi Daura, in ta kauce kaɗan yashi ya riƙe ta sai an tara gari an tura. Wannan kuwa ba ruwanta da hanya. An gan ta a fadama, an gan ta a gefen dutse inda jaki ma sai ya yi shawara.

Direbanta Sama'ilu tsohon soja ne, kuma Allah ya yi shi da son a kewaye shi. Ran kasuwar Gwiwa yakan ajiye ta a gindin tsamiya ya zauna a kan hancinta yana ba da tarihinta.

"Sunanta Landiroba," in ji shi. "An ce wasu 'yan'uwa ne a Ingila suka ƙirƙiro ta, wa da ƙane. Ƙanen yana da gona, yana neman abin da zai shiga gona ya kuma kai shi kasuwa. A kan yashi ma aka ce ya fara zana ta da sanda. Lokacin ƙarfe ya yi wuya saboda yaƙi, sai suka yi mata jiki da alminiyan irin na jirgin sama. Ku taɓa ku ji, ba ta tsatsa. Ƙafafunta huɗun nan kuwa kowace tana ja."

Lado yana can baya yana ji. Zancen wa da ƙanen nan ya shige shi, amma ya haɗe rai, don yana ganin motar nan da sumuntinta abincinsu suka zo ci. Sama'ilu ya hango shi, ya yafito shi, ya nuna masa wani guntun ƙarfe da ke tsaye a gaban motar, mai siririn ƙugu kamar kalangu. Turmi suke ce masa.

"Malam Lado, ka ga wannan? In inji na aiki juyawa yake. Da shi muke jan guga. Ka kawo igiyarka wata rana ka huta da wahala."

Lado ya dubi turmin, ya dubi Sama'ilu. "Ƙarfen nan yana da ƙane?"

"Ƙane kuma?"

"To abin da ba shi da ƙane ba zai riƙe mini nawa ba."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Falalu ya fi kowa, ya yi ta maimaita maganar a ƙauyuka har ta zama abin tsokanar Sama'ilu.

A bazarar wata shekara suna haƙa rijiya a ƙauyensu, can bayan Gwiwa, ranar kuma ta dace da kasuwa. Da hantsi Falalu ya yi ihu daga ƙasa cewa ƙasa ta jiƙe, ruwa ya fara tsattsafowa. Mata sun fara guɗa ke nan sai Lado ya ji igiya ta yi wani irin fizga da bai taɓa ji ba. Ƙura ta taso daga ramin. Wani ƙaton falalen marmara ne ya ɓalle daga jikin rijiyar, ya gangara, ya tokare a gicciye kaɗan a saman kan Falalu. Bai danne shi ba, amma ya rufe shi, sai 'yan kafofi a gefe da gefe.

"Yaya!" Muryar ta fito siririya. "Ina nan da raina. Amma ruwa yana tahowa."

Ruwan da suka yi wata da watanni suna nema, shi ne yanzu zai ci Falalu. A hankali yake hawa, amma ba ya tsayawa.

Lado ya zura sabuwar igiya ta kafofin, Falalu ya ɗaure dutsen daga ƙasa. Duk namijin da bai tafi kasuwa ba ya zo ya kama. Suka yi salati suka ja. Dutsen ya ɗaga kamar taƙi guda, ya karkace, ya goga bango, yashi ya zubo. Jan mutane da numfashi yake tafiya, a fizga a huta, kuma kowace hutawa dutsen sai ya koma ya zauna ƙasa da inda yake. Suka sake, suka sake. Tafin Lado, wannan mai kantar, ya tsage, igiya ta yi ja da jini.

"Ku tsaya!" ya daka musu tsawa. "Kashe shi za mu yi."

Ya durƙusa a bakin ramin. Falalu ya ce ruwa ya kawo masa ƙugu. Daga baya ya ce ƙirji, kuma ya daina wasa. Lado bai taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ya waiga neman uwarsu, ba ta cikin matan da ke kuka. Ashe tun jan farko Tasalla ta kwance jakin maƙwabci ta kama hanyar Gwiwa.

Rana ta karkata lokacin da aka jiyo gurnani. Kowa ya dubi hanyar jakuna da ke zagaye rafi, ba komai. Ta gabas ƙarar ke zuwa, inda ba hanya, ba ta taɓa kasancewa ba. Sai ga koriyar motar a bakin gaɓar rafin. Ta sunkuyar da kai ta gangara cikin yashin nan mai haɗiye ƙafar raƙumi, ta ɓace. Wani tsoho ya ce shi ke nan, ta zauna. Bai rufe baki ba sai ga hancinta ya ɓullo a gaɓar nan, tana hawa a tsanake, yashi na zuba daga tayoyinta. Ta shiga gonaki tana taka kunyoyin bara ɗaya bayan ɗaya, tana rangaji, ba ta kauce wa komai ba. A kujerar gaba ga Tasalla zaune, tsohuwar da ba ta taɓa shiga mota ba, ta miƙa hannu sak tana nuna rijiyar. Sama'ilu ya faɗa daga baya cewa da ya tambaye ta hanya, cewa ta yi, "Ɗan nan, ba hanya na zo nema ba. Can ɗana yake." Shi kuwa ya ja jan sandan giyar motar, mai ƙara mata ƙarfi, ya bi yatsanta.

Masu kuka suka zuba wa motar ido. Wasu suka ja da baya suna ambaton Allah.

Sama'ilu bai tuna wa kowa zancen kasuwa ba. Ya sa aka sauke ƙafa-uku na ƙarfe daga bayan motar aka kafa a kan rijiyar, da 'yar kura a samansa wadda igiya za ta bi don kada ta goga baki. Ya ɗaure igiyarsu mai kauri, aka zura, Falalu ya sake ɗaure dutsen, ruwa na taɓa masa haɓa. Sannan Sama'ilu ya naɗa igiyar 'yan zagaye a ƙugun turmin, ya miƙa wa Lado wutsiyarta.

Lado ya ƙi karɓa. "Ba ya ji. In dutsen ya maƙale zai ci gaba da ja, ya rushe masa bango a ka."

"Shi ya sa nake ba ka," in ji Sama'ilu. "Turmin juyawa kawai ya iya. In ka ja wutsiyar, igiya ta kama shi ya ja. In ka sassauta, sai ya yi ta juyawa a banza, kaya na tsaye. Ƙarfin nasa ne, jin naka ne. Ni ban san rijiyar nan ba."

Tasalla, wadda ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ta ce a hankali, "Kai, karɓi."

Ya karɓa da tsagaggen hannunsa. Inji ya yi gurnani, turmi ya fara juyawa. Lado ya ɗan ja, da ƙarfin da bai fi na jan akuya ba. Igiya ta miƙe ta yi ƙara. Sai ya ji dutsen da ya gagari mazan gari ya taso, ya taho, ba fizga, ba hutu, ba numfashi. Bai taɓa sanin akwai ƙarfi irin wannan a duniya ba, ƙarfin da ba ya gajiya kuma yake jiran umarnin yatsun mutum. Kuma abin da ya fi ba shi mamaki, yana jin komai. Ya ji gefen dutsen ya taɓa bango, ya sassauta, dutsen ya tsaya cak a rataye. Ya bar shi ya juya da kansa, ya sake ja. Haka suka yi ta yi, shi da turmin, har falalen ya fito fili yana lilo, aka zura gungume a ƙarƙashinsa aka ture shi gefe. Mutane suka kewaye shi suna kallo, ba wanda ya yarda wannan ne ya fito daga rami.

Saura Falalu, wanda sanyi ya kashe wa jiki, ba zai iya hawowa da kansa ba. Ya ɗaura igiya a hammata. Lado ya zare igiyar daga turmin, zai ja da hannu yadda ubansu ya koya masa, amma yatsunsa suka ƙi rufuwa. Ya tsaya jim. Da kansa ya mayar da ita ƙugun turmin ya naɗa.

Falalu ya fito jiƙe sharkaf, laka har gira, yana karkarwa. Aka kwantar da shi a inuwa, Tasalla ta riƙe kansa a cinyarta, sai a lokacin ta yi kuka. Da ya sami bakin magana cewa ya yi, "Yaya, na san hannunka ne. Amma na ce yau me ka ci?"

Motar kuwa tana can tana huci, tururi na fita daga hancinta. Sama'ilu ya ɗaga murfin inji ya ce a bar ta ta huce, lagireto ya ƙone ruwansa, garwar ruwan da yake tafe da ita kuma babu ko ɗigo. Falalu daga kwance ya tuna musu ba a ɗebo gugan farko ba. Aka ɗebo, aka tace lakar da mayafin Tasalla a cikin ƙwarya, aka miƙa wa Lado kamar yadda aka saba. Mai gari da liman suna tsaye suna jira ya sha.

Lado ya riƙe ƙwaryar da hannu biyu, maƙogwaronsa a bushe tun safe. Ya wuce su duka, ya je gaban motar.

"Malam Sama'ilu, ina bakinta?"

Sama'ilu ya sa tsumma ya buɗe murfin lagireto. Lado ya yi bisimilla ya tsiyaya a hankali, bai bar ko kurɓi ba, ana jin ruwan na sauka a cikinta.

"Yaya," Falalu ya ce, muryarsa a dashe amma tsiyar na nan, "ba kai ka ce ƙarfe ba shi da ƙane ba?"

Lado ya ɗora tafinsa mai jini a kan koren hancin motar, hawaye na bin gemunsa.

"Da ba shi da shi," ya ce. "Yau ya samu."