Shirun da Gazali Ya Roƙa

A unguwarsu a Tambuwal, in ka tambayi Gazali ɗan gidan Maccido, sai an ɗan yi tunani kafin a ce maka, "Au, mai zaman ɗakin nan?" Shekarunsa ashirin da huɗu, a garin aka binne cibiyarsa, amma akwai maƙwabtan da suka fi sanin kamannin shanun ubansa a kan nasa. Dogo ne siriri, yana tafiya kai a sunkuye kamar wanda ya yar da allura. Masallaci na ganinsa sau biyar a rana. Gona na ganinsa da damina, don Maccido ba ya wasa da noma. Sauran lokacinsa kuwa na wani ɗan ɗaki ne kusa da rumbu, inda a da ake ajiye harawa.

Tun yana ƙarami kunnensa ya fi bakinsa aiki. In aka tura shi kiwo, yakan san kowace saniya da kukanta, amma a tambaye shi inda suka yi kiwo sai ya tsaya yana kallon mutum. In aka aike shi rijiya, sai an bi sawu, a tarar da shi ya leƙa yana sauraron yadda guga ke faɗawa ruwa. Da ya gama sakandare ya yi shekara biyu a Sakkwato yana koyon kwamfuta. Ya dawo da takardar shaida, da wata tsohuwar kwamfuta mai tsagaggen gefe, da ɗan faifan sola da ya ɗora kan rufin ɗakin. Aikin ofis bai samu ba. Yana dai buga wa malaman makaranta takardun jarrabawa, yana samun na sabulu.

Abin da yake yi a ɗakin nan kiɗa ne, in ji shi. Sai dai kiɗa ne da babu ganga, babu waƙa, ba a kuma rawa da shi. Da wayarsa yake ɗaukar sautin abubuwa: kukan kurciya, saukar ruwan sama a kan kwano, iska tana bi ta cikin karan dawa, numfashin shanu a turke. Sai ya zuba su a kwamfuta, ya ja wannan ya yi tsawo har kukan kurciya ɗaya ya kai minti guda, ya sassauta wancan, ya jera su a kan juna. Abin da ke fitowa wani dogon amo ne mai tafiya a hankali, wanda in mutum ya yi haƙuri ya saurara zai ji jikinsa ya yi sanyi. Yana sa su a intanet ba tare da hotonsa ko sunansa ba. Masu saurarensa ba su kai ɗari ba, kuma babu ko ɗaya daga Tambuwal.

Abin ya dami Maccido har ya kai ƙara wurin limamin unguwa, wai ɗansa ya zama makaɗi. Liman ya sa aka kira Gazali, ya saƙala abin sauraro a kunne, ya rufe ido na ɗan lokaci. Da ya cire sai ya ce, "Maccido, ni dai ban ji kiɗi ba. Iska nij ji, sai wani abu kama da ƙudan zuma. In wanga na kiɗi, to injin niƙa ma makaɗi na." Daga ranar Maccido ya zuba wa ɗansa ido, bai hana ba, bai kuma ƙara tambaya ba.

Mutum ɗaya ce ba ta gaji da shi ba, wato uwarsa Batula, 'yar Kebbe, wadda duk gidan ke kira Inna. Allah da ikonsa, mace mai baki kamar Inna ita ta haifi Gazali. Da kaji take magana, da tukunya, da hayaƙin murhu in ya shiga mata ido. In mata suka fara yi mata jajen ɗanta da ba ya fita, sai ta tare su: "Ku bar man ɗana. Ba shi sata, ba shi shaye-shaye, ina kuka son shi tafi?" Sau uku ko huɗu a yini takan tsaya daga tsakar gida ta ɗaga murya, "Gazali, ka ci abinci?" Shi kuwa kunnuwansa a toshe suke. Ko da ya jiyo ta sama-sama, ba ya amsawa, don kada abin da yake bi ya kuɓuce masa. Sai ta ajiye kwano a bakin ƙofa ta koma, tana mita tana dariya.

Gazali yana da doka ɗaya a aikinsa: muryar mutum ba ta shiga. A ganinsa, da zarar kunne ya ji kalma, hankali ya bi kalmar ya bar sauran. Don haka duk abin da ya ɗauko, sai ya zauna ya tsince maganar mutane daga ciki tsaf, ya yar. Kuma da yake cikin kwamfutar ba shi da yawa, da ya gama tsincewa sai ya goge na asalin. A gidan da Inna take, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Rabin wahalarsa ta cire muryarta ce.

Akwai wani abu game da dakan Inna. Shekarun baya wani sa ya fizge ta da igiya, kafaɗarta ta dama ba ta ƙara komawa daidai ba. Tun daga nan ba ta iya jera daka kamar sauran mata. Bugu uku take yi, ta tsaya ta sauya hannu, sannan ta sake uku. A cikin wannan ɗan tsayawar ne take zuba zancenta. Wata rana da hantsi bayan kaka, Gazali ya ji tana surfen gero, ya ji wannan uku da tsayawa ya shige shi. Ya fito, ya kifa ƙwarya kusa da turmi, ya ɗora wayarsa a kai.

"Inna, don Allah ki yi shiru. Minti biyar ɗai nika so."

"Ni da gidana?" ta ce, tana dariya. "To, na yi."

Ta yi ƙoƙari, a gaskiya. Zagaye biyu ta daure. A na uku ta kori kaji, a na huɗu ta yi maganar geron, daga nan kuma ta saki baki gaba ɗaya. Gazali ya ɗauki wayarsa ya koma ɗaki ransa a ɓace. Kwana uku ya yi yana yanke maganarta daga kowane tsakani, yana cike gurbin da amon iska mai taushi. Da ya gama ya goge na asalin kamar yadda ya saba. Bai taɓa yin abin da ya kai wannan kyau ba. Wasu mutane daga ƙasashen da bai san inda suke ba suka rubuto masa cewa kiɗan ya kwantar musu da hankali. Ya ji daɗi ƙwarai, amma bai gaya wa Inna ba.

Da damina ta zagayo, a watan Agusta, zazzaɓi ya kwantar da Inna. Kwana uku ta yi. A na huɗu da hantsi, ana shirin kai ta asibiti, ta cika. Babbar 'yarta Ni'imatu, yayar Gazali, tana aure a Kebbe, cikinta ya shiga watan haihuwa, ruwa kuma ya ɓata hanya. Babu wanda ya yarda a ɗora ta a babur. Aka kai Inna makwancinta kafin la'asar, Ni'imatu ba ta ga fuskarta ba. Bayan kwana huɗu ta haifi 'ya mace. Aka sa mata Batula, ana kiranta Ummu.

Bayan suna ta kira ƙanenta a waya. Muryarta ta dushe.

"Gazali, kai da kaka ɗaukar kukan kowane tsuntsu cikin gidan nan, ka zo man da muryar Inna. Ko faɗa na takai, ko kaji taka kora. In ji ta sau guda ɗai, in samu in yi kwana."

"To, Yaya," ya ce.

Yana da sautuka sama da ɗari uku a kwamfutar. Kwana shida ya yi yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya, yana fatan ko akwai inda ya yi sakaci. Bai yi ba. Gazali ƙwararre ne, kuma ranar ce ya fara tsanar ƙwarewarsa. Ga kajin da Inna ke kora, suna ta kuka, babu mai korarsu. Ga tukunyarta tana tafasa. Ga ƙarar ƙyauren ɗakinta. Duk gidan yana ciki, ban da ita. Wayarta ƙarama ce irin ta kira da amsawa, ba ta ajiye komai ba.

Sai mutanen unguwa suka ga abin da ba su taɓa gani ba: Gazali yana sallama gida-gida, yana tambayar mata ko akwai mai muryar Inna a waya. Wata maƙwabciya ta samo bidiyon wani biki. Ga Inna nan a gefe, ta kama hannun wata tana ba ta labari, bakinta yana motsi, tana dariya. Amma lasifikar masu biki ta danne komai. Ya kalla sau biyar, ya mayar wa matar wayarta, ya yi godiya.

Ya so ya ƙi zuwa Kebbe. Ya so ya ce kwamfuta ce ta lalace. Maccido, wanda tun rasuwar bai cika magana ba, ya same shi a ƙofar ɗaki ya ce, "'Yar'uwarka tana jiranka. Abin da ka samu da wanda ba ka samu ba, tafi ka gaya mata da bakinka."

Ya hau babur ɗin haya da safe. Hanya duk taɓo, sau biyu suna sauka suna turawa. Ko karyawa bai yi ba, don abinci ya daina wuce masa wuya. Ana kiran azahar suka shiga Kebbe. Bayan ya yi salla aka shigar da shi ɗakin mai jego. Ni'imatu na zaune a kan tabarma, jaririya a cinyarta, ga kwanon tuwo a rufe a gefe. Suka gaisa, suka yi wa juna ta'aziyya, ya karɓi Ummu ya duba ya mayar. Idon yayarsa yana kan aljihunsa.

"Yaya, babu," ya ce. "Na ɗauke ta ba sau ɗaya ba, ba sau ɗari ba. Ni nika cire ta. Na goge."

"Ka goge?"

"Na goge."

"Da hannunka?"

Ya gyaɗa kai. Ni'imatu ta kawar da kai wajen bango. Ta daɗe a haka, tana kuka, shi kuma yana zaune ya rasa inda zai sa idonsa. Da a ce ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Can ta share fuska da gefen zane, ba ta dube shi ba ta ce, "To mi ya rage?"

Ya ciro wayar, ya ajiye a kan tabarma tsakaninsu, ya kunna. Bai taɓa kunna wa wani ɗan gidansu kiɗansa a fili ba. Amon iska ya fara tashi a hankali, ya cika ɗan ɗakin. Ni'imatu ta yamutsa fuska, alamar ba wannan ta roƙa ba. Sai taɓarya ta sauka. Ɗaya, biyu, uku. Ta tsaya.

Ni'imatu ta miƙe zaune.

Ɗaya, biyu, uku.

"Dakan Inna na wanga," ta ce a hankali. "Ga inda taka sauya hannu."

Shekara goma sha biyar Ni'imatu ta yi tana tsaye a gefen turmin nan kafin a kai ta ɗaki. Babu abin da Inna ke faɗa a wannan tsakanin da ba ta haddace ba. Da taɓarya ta sake tsayawa, iska ta shigo inda Gazali ya yanke, sai bakinta ya buɗe da kansa.

"Kai, kajin ga! Ku ba ni wuri!"

Gazali ya ɗago kai. Haihuwa da kuka sun sa muryar yayarsa ta yi kauri, ta koma irin ta Inna sak, har da yadda take jan ƙarshen magana.

Ɗaya, biyu, uku.

"Wanga gero bai bushe ba. Babanku dai sai gaggawa."

Hawaye na zuba a fuskarta, amma ba ta daina ba. Duk gurbin da ya zo sai ta cike shi, da tsadar gishiri, da ciwon kafaɗa, da sanyin da ya fara shigowa. Gazali ya san tsawon kowane gurbi, shi ya auna su da hannunsa, amma bai san abin da ke cikin ko ɗaya ba, don ranar ba saurare yake yi ba. Yanzu yana ji. Taɓarya ta sauka sau uku, ta tsaya, Ni'imatu ta ɗaga murya kamar mai kira daga tsakar gida zuwa ɗakin da ke kusa da rumbu.

"Gazali, ka ci abinci?"

Gurbin nan ya fi sauran tsawo. Ya tuna ya yi mamakin tsawonsa ranar da yake yankewa. Ashe jiran amsarsa Inna ta tsaya yi.

"Ban ci ba, Inna," ya ce.

Ni'imatu ta miƙa hannu ta jawo kwanon tuwon, ta buɗe, ta tura gabansa. A cikin wayar, taɓarya ta sake sauka.