Jajayen Haƙoran Ƙanwata

Ni a Yelwa na tashi, da ruwan kogi. Ƙanwata kuwa tun daga yaye Inna ta ba gwaggonmu riƙonta, can wani ƙauye bayan Shanga, inda ba su san wani ruwa ba sai na rijiya mai zurfi. Da ta dawo gida, haƙoranta duk sun yi dabbare-dabbare, ja-ja kamar na tsohuwa mai cin goro. Nawa kuwa farare tas. Allah Ya yafe mini, na yi mata tsiya har ta daina dariya a gaban baƙi.

To, da muka manyanta sai reshe ya juye da mujiya. Haƙorana na tauna suka bi juna ɗaya bayan ɗaya, saura guda tal a hagu, shi ma ya yi kogo. Da shi nake cin bandar kifi, abin da na fi so duk duniya. Ƙanwar tawa ce ta raka ni wurin likitan haƙori, ina dafe da kunci, ina roƙon Allah kada a ce cirewa za a yi.

Likita ya gama duba ni, sai ya hango bakinta, ya ce ta ɗan buɗe. Wai ruwan wasu rijiyoyi yana da sinadarin fuloraid, irin wanda ake sawa a man goge baki. In ya yi yawa yakan ɓata launi, amma yana ƙara wa haƙori ƙwari, kuma ƙwayoyin cuta, waɗanda muke ce wa tsutsar haƙori, ba sa iya maƙale masa sosai, miyau ma yakan wanke su. A nawa fararen kuwa suka samu wurin kamawa suka yi gida. Har da cewa bai ga kogo ko ɗaya a bakinta ba. Wa ya tambaye shi?

Wallahi ƙyashi ya turnuƙe ni, ba zan ɓoye ba. Ni ce mai dirzar asuwaki safe da yamma, ita sai in ta tuna. Na tambaye shi ko in koma shan ruwan rijiyar. Ya yi murmushi, ya ce bakin alƙalami ya riga ya bushe, na gaban da suka rage dai in riƙa goge su da man. Ya cire haƙorin nan na hagu.

Da dasashina ya warke, ta gayyace ni gidanta, ta sayo banda a kasuwa. Ta ajiye kwano a gabana ta ce, "Yaya, ga naki." Ashe ta cire ƙayar kifin ta dake shi lukui, yadda muke yi wa Inna a ƙarshen kwanakinta. Sannan ta zauna tana taune kan kifin ƙurus-ƙurus, ba da wata manufa ba. Na cinye nawa, don yunwa ba ta san fushi ba. Amma har yau ban ce mata na gode ba.