Ranar da Zaɓen Amurka Ya Iske Mu a Jiratawa

Ko haƙorana za su zube saboda tsufa, ba na jin zan manta da wata safiya ta cikin azumi, wadda rediyo ya wayi gari yana faɗin cewa shugaban Amurka, wanda ya aika sojojinsa yaƙi Iraƙi, ya sake cin zaɓe.

Lokacin ina kabu-kabu a Maraɗi, ina haya a unguwar Zariya, mahaifiyata kuwa tana garinmu Jiratawa. Cikin mutanen da nake ɗauka akwai wata dattijuwa Ba'amurkiya da ke zaune a Tsibiri tare da Kiristocin garin. Aikinta yawo gonaki, tana nuna wa manoma yadda za su riƙa barin tohon itatuwa ya girma maimakon su sare shi. Hausarta ta nuna sosai, har karin magana take yi, sai dai ba ta taɓa iya faɗin "ƙ" daidai ba. Kowa Mama yake ce mata, ni ma haka. Duk mako nakan kai ta lambunan Jiratawa in komo da ita.

A wannan shekarar babu hirar da ta kai ta yaƙin nan. Ba mu taɓa ganin Iraƙi ba, amma kullum rediyo na kawo mana kukan matanta har inda muke ajiye babura. Da zaɓe ya matso sai muka sa rai, kamar mu ne za mu jefa ƙuri'a. Muna cewa ai talakawan Amurka za su kori shugaban nasu, a huta. Shi ya sa labarin ya ɓata wa kowa rai. Can wani abokin aikina ya ce, "To, kun dai ji. Da muna cewa laifin mutum guda ne. Yanzu su da hannunsu suka ce ya ci gaba." Ya juyo wajena. "Kai kuma yau ma za ka je ka ɗauko uwar ɗakinka?"

Raina a ɓace yake kamar na kowa, amma alkawari kaya ne. Na tada moto na nufi Tsibiri.

Na iske ta a ƙofar gida da malafarta da jakarta. Kullum ita ke fara tsokanata, tana tambaya ko azumi ya kayar da ni. Ran nan "ina kwana" kawai ta ce, ta hau. Muka ratsa Maraɗi, muka kama hanyar Jiratawa, babu wanda ya ce uffan. Na ɗauka kunya ce ta hana ta magana.

A bakin lambu manoman da za ta gana da su sun taru ƙarƙashin wata bishiyar bedi, da rediyo a rataye a reshe. Inna, mahaifiyata, ita ma tana gefe da wasu mata suna tsinkar zogale. Mama ta yi sallama, aka amsa ciki-ciki. Ba wanda ya tashi ya ba ta wurin zama. Sai wani magidanci, mutum mai haƙuri a sanina, ya miƙe ya ce, "Mama, yau ba mu da kunnen jin zancen itace. Ku da ke kashe ɗiyan mutane, itace za ku koya muna tausayi? Mun ji abin da kuka zaɓa."

Na soma tunanin yadda zan juya moto in fitar da ita kafin magana ta yi zafi. Ita kuwa ta tsaya riƙe da malafarta. Ta ce, "Malam, ba zan ce ba ku da gaskiya ba. Ni ban zaɓe shi ba, amma ƙasata ce, ba ni iya gudunta." Sannan ta ce, "Ɗana soja ne. Yana can. Shi kaɗai gare ni. Na yi zaton idan aka canza shugaba za a maido shi gida." Ta ƙara da cewa, "Kullum ina roƙon Allah kada a kashe shi. Kuma ina roƙo kada shi ma ya kashe ɗan wata. Ban san wanne ya fi ba ni tsoro ba."

Duk tsawon lokacin da na yi ina ɗaukar matar nan a bayana, ban san tana da ɗa ba.

Inna ce ta ajiye ƙwaryar zogalenta ta taso. Ita ma tana da nata ciwon: yayana ya tafi Libiya ci-rani shekaru da dama kafin nan, tun da ya ƙetare hamada ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Ta ratsa ta tsakiyar maza, abin da ba ta saba yi ba, ta kama hannun Mama ta ce, "Taho, ƴar'uwa. Wannan ba zancen maza ba ne." Ta kai ta inuwar wani mangwaro, ta kwance gyalenta ta shimfiɗa mata a ƙasa. Sannan ta ɗebo ruwa a randar lambu ta miƙa mata.

Mama ta ce, "A'a, kuna azumi."

Inna ta ce, "Mu muke azumi, ba ke ba. Sha. Wanda ya yi kuka shina buƙatar ruwa."

Ta sha. Suka zauna kafaɗa da kafaɗa, Inna na tambayarta ko yaron yana cin abinci sosai, ko yana da mata, ko akwai sanyi a can. Da ta gama tambaya sai ta ɗaga hannu sama ta ce, "Allah ka maido ma kowace uwa ɗanta. Na wannan, da nawa, da na matan can da ake ruwan wuta a kansu. Wanda ya hura wutar kuma kai ka san shi." Matan suka amsa da amin. Daga ƙarƙashin bedi ma na ji amin, har da muryar magidancin nan. Shi ne ya miƙa hannu ya kashe rediyon. Bai ba da haƙuri ba, bai kuma janye maganarsa ba, amma da za mu tafi shi ya ɗaura mata damin zogale a bayan moto.

Damina na kamawa labari ya zo cewa an maido ɗan nata gida. Bam ya tashi da motarsu, ya rasa ƙafa ɗaya, amma yana da rai. Mama ta haɗa kayanta za ta koma ta yi jinyarsa. Kafin ta tafi ta ce lalle in kai ta Jiratawa. Da ta faɗa wa Inna, sai Inna ta rungume ta tana dariya hawaye na zuba, ta ce, "Alhamdu lillahi, ɗaya ya komo. Saura nawa."

Nata bai komo ba. Har Allah ya karɓi ranta tana sauraron sallamarsa.

Yau na yi furfura, na ga zaɓe iri-iri, namu da na wasu, kuma har gobe ban ce yaƙin nan daidai ne ba. Amma tun daga ranar na koyi cewa gwamnati daban, mutum daban. Idan rediyo ya faɗa mini abin da wata ƙasa ta aikata, ba na ɗora kayan a kan ɗan ƙasar da ke tsaye gabana sai na tambaye shi abin da ya riga ya ɗauko, domin sau da yawa wutar da muke hange daga nesa, shi a ɗakinsa take ci.