Kwalaye Ukun Yaya

Shekara goma sha tara yayata ta yi tana aiki ɗaya: tantance takardun binciken likitoci kafin kwamiti ya zauna a kansu. Ofishinta wani ɗan tsukukun ɗaki ne a bayan asibiti, fanka tana ƙara ba iska, kwalaye uku a kan tebur. Aikin ya cinye mata idanu, ya bar ta da ciwon wuya.

Nakan tsokane ta, wai ta yi digiri don jera takarda. Sai ta harare ni.

"Ke dai ba kya ji. Kwalin farko, an bi mutane masu lafiya shekara da shekaru a ga wa zai kamu da ciwo, shi ya fi ƙarfin hujja. Na biyu, an tara marasa lafiya da masu lafiya ana tambayarsu abin da ya wuce, alhali mutum ko abincin jiya mantawa yake. Na uku hoton rana ɗaya ne, ba a san abin da ya riga wani ba."

Bara ciwon ƙoda ya ɗauke mijinta. Shekara takwas yana shan wata ƙwaya saboda ciwon baya, kullum da safe.

Bayan ta fita takaba, kwamiti ya ɗauko bitar wannan ƙwayar da ciwon ƙoda. Na ce ta nemi a ba wani. Ta ƙi. Taurin kai dai gadonmu ne.

Takardun farko duk na kwali na uku ne. "Wataƙila ciwon ne ya sa su shan maganin," in ji ta, har ta soma cin abincin kirki. Na ji daɗi ƙwarai.

Ranar Laraba na kai mata abincin rana, na tarar da wata takarda a hannunta. Mutum dubu tara, lafiyarsu ƙalau da farko, an bi su shekara goma sha biyu. Masu shan ƙwayar sun fi kamuwa.

Tausayinta ya kama ni. "Yaya, jefa ta a na uku mana. Wa zai sani?"

Ta daɗe tana murza idanu. Sannan ta sa ta a kwalin farko, ta daidaita gefenta.

"Ni nake miƙa wa marigayi ruwan shan ƙwayar," ta ce. Ta jawo takarda ta gaba.